Targa Florio: shin tsoro ne ya kawo ƙarshenta?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum. Jiya a gareji wani matashi ya yi mini dariya don na ce direbobin Targa Florio sun fi na Formula 1 na yau gwaninta, abin kuma ya tsaya mini a rai. Vincenzo Florio ne ya kafa tseren nan a tsibirin Sisili na Italiya a 1906, kuma a kan hanyar jama'a ake yin sa cikin duwatsun Madonie, inda zagaye ɗaya daga baya ya tsaya a kilomita 72, mota tana ratsa tsakiyar Cerda da Collesano, ƙofofin gidajen mutane dama da hagu. Duk wanda ya haddace kwana-kwanar hanya mai wannan tsawo shi ne direba. Tsoro ne kawai ya sa aka daina shi.

Maman Ummi: Wa'alaikumus salam. Malam, kalmar tsoro ba ta dace a nan ba. A 1977 mota ta ƙwace ta afka cikin 'yan kallo, mutum biyu suka rasu, aka tsayar da tseren ba a kammala ba. Wanda ya hana a ci gaba bayan haka tausayi ya nuna.

Kawu Bakanike: Hajiya, tausayin ma ai daga tsoro yake fitowa. Haka aka daina Mille Miglia, wani tseren mota na kan hanyar jama'a a Italiya, a 1957 bayan hatsarin direba de Portago, alhali babu wanda aka tilasta wa tsayawa a bakin hanya.

Maman Ummi: Kawu, cikin 'yan kallo tara da suka mutu a wancan hatsarin, biyar yara ne. Ina roƙon ka janye maganar tilastawa.

Abu Sadik: Idan tsoro ake magana, a tambayi masoya Ferrari, domin Porsche ta ci tseren nan sau 11, Ferrari kuwa sau 7. A 1970 Leo Kinnunen ya kammala zagaye ɗaya cikin minti 33 da daƙiƙa 36 a Porsche 908/3, babu kuma wanda ya karya wannan tarihin. Saboda tseren ne ma kamfanin ya sa wa wata motarsa suna Targa.

Kawu Bakanike: Yaro, lissafin kofi daban, ƙaunar jama'a daban. Nino Vaccarella, malamin makaranta ɗan Palermo, da Ferrari ya ci a 1965, kuma sunansa mutanen ƙauyuka suke rubutawa da fenti a jikin bango da kan kwalta.

Abu Sadik: Da girman kujerarka, Kawu, sauran nasarorinsa biyu, na 1971 da 1975, a cikin Alfa Romeo ya same su. Kuma ɗan gida ne, yana da damar bin hanyar a duk lokacin da ya so, saboda haka ban ɗauki nasararsa daidai da ta baƙo ba.

Kawu Bakanike: Wannan rashin adalci ne ga mutumin da ya sa ransa a kan hanyar da kowa ya bi. Bari in taƙaita abin da aka tattauna: an yarda cewa tsoro ne ya tsayar da tseren, an kuma yarda cewa Vaccarella da Ferrari su ne ruhinsa, maganar yawan kofuna kuwa ba ta samu karɓuwa ba.

Maman Ummi: Ni ban yarda da kalmar tsoro ba, Kawu, kuma har yanzu ba ka janye abin da ka faɗa kan yaran nan biyar ba.

Baban Khalifa: Jama'a, gobe zan koma garejin nan, matashin kuma yana nan yana jira. Me zan ce masa game da direbobin Formula 1?