Wai gadin makabartar Turawa zan je

Ɗalibar Tarihi: Jama'a, raina a ɓace yake tun jiya. Na samu gurbin digiri na biyu a Jami'ar Amsterdam, fannin nazarin kisan ƙare dangi da aka yi wa Yahudawa a Turai da yadda ake tunawa da shi. Na kai wa Kawu takardar da murnata. Ya gyara tabarau, ya karanta har ƙasa, ya miƙo mini ya ce, "Wato gadin makabartar Turawa za ki je?" Mutum miliyan 6 fa aka kashe. Ashe tarihi ba karatu ba ne?

Baban Khalifa: Allah ya sanya alheri, ƙanwata. Amma gyara kaɗan, kisan kiyashi ake cewa. Ƙare dangi sai in dangi sun ƙare, su kuwa ga su nan har da ƙasarsu.

Malamar Hausa: A'a, Baban Khalifa. Kiyashi yawan gawa yake nunawa, ƙare dangi kuwa niyya. Raphael Lemkin, lauya Bayahude ɗan Folan, shi ya ƙirƙiro sunan laifin a 1944, kuma yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 ta ce niyyar hallaka al'umma, duka ko wani sashe. Ba sai an gama da kowa ba.

Baban Khalifa: Ni dai tun ina yaro kiyashi nake ji a rediyo.

Malamar Hausa: Rediyon ai duka biyun yake faɗa.

Baban Khalifa: Malama, ba aji muke ba.

Injiniya: Ni tambayata ɗaya, miliyan 6 ɗin nan wa ya ƙirga?

Ɗalibar Tarihi: Yaya, masu kisan da kansu sun bar lissafi. A Babi Yar, bayan garin Kiev, rahoton Jamusawa ya rubuta mutum 33,771 cikin kwana biyu, a Satumban 1941. A takardar taron Wannsee na Janairun 1942, inda manyan jami'an gwamnatin Hitler suka tsara yadda za a gudanar da kisan, sun jera Yahudawan Turai ƙasa-ƙasa, jimilla miliyan 11. Yad Vashem, cibiyar tunawa da kisan da ke Isra'ila, ta tattara sunayen mamata sama da miliyan 4 da rabi. Irin waɗannan takardun zan je koyon karantawa.

Injiniya: To, na ji. Amma wane aiki za ki samu da shi?

Ɗan Gwagwarmaya: Ku bar batun aiki. Gaza fa? Wa zai ba ta gurbin nazarin Gaza?

Mazaunin Balin: Ɗan'uwa, ciwon Gaza duk muna jin sa. Amma a ƙofar gidan da nake haya a nan Jamus akwai faifan tagulla uku a jikin daɓe, kowanne bai wuce tafin hannu ba. An rubuta suna, shekarar haihuwa, shekarar da aka kwashe mutum, sai Auschwitz, sansanin da aka kai su aka kashe. Ɗaya yarinya ce. Duk 9 ga Nuwamba wata tsohuwa maƙwabciyata takan durƙusa da tsumma ta goge su. Yarinyar nan ta mutu tun kafin a kafa Isra'ila a 1948. Me ta yi wa wani?

Ɗan Gwagwarmaya: Jamus ɗin da sai a 2021 ta amsa cewa ƙare dangi ta yi wa ƙabilun Herero da Nama a Namibiya? Tun 1904 fa!

Malamar Hausa: Madalla, kai ma ka ce ƙare dangi. Herero kuwa suna nan da ransu. Baban Khalifa, ka gani?

Baban Khalifa: Shi ɗin ƙamus ne? Ku Sakkwatawa komai sai kun ce naku ne daidai.

Malamar Hausa: Ni Bakatsiniya ce, Alhaji.

Baban Khalifa: Duk tafiyar ɗaya ce.

Ɗalibar Tarihi: Har Ruwanda ta 1994 ana nazarta a fannin. Amma ni fa shawarar yadda zan shawo kan Kawu nake nema.

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, bari in taƙaita. Mafi rinjaye sun tafi a kan kiyashi, kamar yadda aminina Baban Khalifa ya faɗa tun farko. Malama ta kawo hujjojin boko, mun gode, amma Hausa ba daga Majalisar Ɗinkin Duniya ake ɗauko ta ba. Ɗalibarmu kuma ta yi wa Kawu biyayya. An rufe.

Malamar Hausa: Mafi rinjayen su wa? Shi kaɗai ne fa, Shugaba.