Dashen nama a baki: wace jijiyar wuya kuke zaɓa don fitar jini?

Likita mai neman ƙwarewa: Assalamu alaikum manyanmu. Muna da matashi mai ƙarin muƙamuƙi, amelobilastoma, za a cire ƙashin a dasa siririn ƙashin ƙauri tare da namansa, a haɗa jijiyoyin jininsa da na wuya, aikin da likita Hidalgo ya fara bayyanawa a 1989. Jijiyar kawo jini ba ta dame ni ba. Mai mayar da jinin ce: cikin jijiyoyin wuya da ake kira jugula, ta ciki ko ta waje?

Babban likitan tiyatar baki da fuska: Wa alaikumussalam. Ka damu da abin da ya kamata, domin dashe ya fi mutuwa saboda toshewar hanyar fitar jini, galibi cikin kwana biyu zuwa uku na farko. Ni ta ciki nake bi, ko reshenta da ke saukowa daga fuska. Tana da faɗi, tana kwance a ƙarƙashin tsoka, kuma duk jan numfashi yana taya ta zuƙe jinin. Ta waje doguwa ce, ga daɗin ɗinki, amma fata da wata siririyar tsoka kaɗai ke rufe da ita. Kafin ka rufe wuya, juya kan majinyacin dama da hagu ka ga ko ta lanƙwashe.

Sista a ɗakin kulawa ta musamman: Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Na taɓa karɓar wani da dare, igiyar bututun maƙogwaro ta ɗaure daidai kan jugula ta wajen. Dashen ya kumbura. Aka mayar da shi tiyata, Allah Ya sa aka ceto naman. Tun daga nan ɗinke bututun ake yi a wajenmu, ba igiya. Dakta, kada kuma ka dogara da launi, a baƙar fata shuɗin ba ya nunawa da wuri. Allura nake sokawa. Idan jini ya fito baƙi-baƙi da gaggawa, ina tayar da likita ko ƙarfe nawa ne.

Wata likitar tiyata: Ni dai ta waje ba ta taɓa ba ni kunya ba, in an kiyaye ta. Idan naman yana da jijiyoyi biyu, ɗaya ciki ɗaya waje nake haɗawa. Wahala tana wuyan da aka gasa da haske don maganin ciwon daji, jijiyoyin sun ƙandare. Can sai mu tsallaka ɗaya ɓangaren, ko mu ɗago jijiyar sefalik daga dantse.

Likita mai neman ƙwarewa: Na gode ƙwarai. Nasa wuyan ba a taɓa shi ba, zan adana duka biyun. Sista, zan nemi a ɗinke bututun.