Kamshaf ɗin tsohuwar Honda Benly ta karye, walda za ta riƙe?

Dan_Gwammaja:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu sanin inji a taimaka min. Ina da Honda Benly CD185 ta mahaifina, Allah ya jiƙansa, ta kusa shekara 9 a jingine a zaure sai bana na ce bari in tashe ta. Mun canja ringi da gasket da fulogi, ta tashi lafiya lau har na yi sati biyu ina zagayawa da ita, ranar Juma'a ina dawowa daga masallaci sai na ji wani ƙas-ƙas a saman inji, kafin in gangara gefe ta yi wata irin ƙara ta mutu. Da muka buɗe kan inji sai ga kamshaf, wato sandar ƙarfen da ke juyi tana buɗe bawul, ta rabu biyu kusa da siroket ɗin tayimin cen, faifan haƙoran da sarƙar inji ke ja. Wani mai walda ya ce in kawo zai haɗa min ita garau. In kai masa ko in haƙura? Wallahi ba na son sayar da mashin ɗin nan.

Usta_Panteka:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan baba. Ƙanina kar ka kai. Irin wannan kamshaf ɗin zubin ƙarfe ne, ba kamar rodi ba, in wuta ta ci shi yana hucewa sai ya tsage a gefen waldar, ko ya tanƙware kaɗan yadda ido ba zai gani ba amma inji zai gani. Ga shi wajen da roka, ƙarfen da ke danna bawul, ke hawa an ƙona shi ya yi tauri tun daga kamfani, zafin walda zai kashe taurin nan, wata ɗaya roka ta cinye shi.

Amma ni ba ma wannan ne ya dame ni ba. Me ya karya ta? Kamshaf ba ta karyewa haka kawai, abin da ke juyi ɗaya in karanshaf, sandar da fistin ke juyawa, ya yi biyu, ba wani nauyi take ɗauka ba. Galibi baƙin mai ne bai hau sama ba sai ta bushe ta kame a mazauninta, cen kuma yana ci gaba da ja, sai ta ɓalle. Ka duba mazaunin a kan injin, in ka ga ya yi zane-zane kamar an ja ƙusa, ko alminiyom ya manne a jikin kamshaf ɗin, to magana ta fito. Ko sabuwa dal ka saka haka za ta sake yi.

Mai_Roba_Roba:
Ni fa na ga wanda aka fafe tsakiya aka zura fin aka bi da tagulla, kuma ta yi tafiya. Kowa da sa'arsa lol

Usta_Panteka:
Ta yi tafiya zuwa ina? A tambayi mai ita bayan wata uku. In ta sake ɓallewa yana cikin gudu bawul ya daki fistin, kuɗin kamshaf ɗaya ya zama kuɗin rabin inji.

Injiniya_Bichi:
Maganar Usta gaskiya ce. Ai saboda wannan matsalar ta mai ne ma Honda suka fito da CG125 a 1975, sun ga a ƙasashe irin namu ba a canja mai kan lokaci, masu kamshaf a saman inji suna ta lalacewa, sai suka mayar da kamshaf ɗin ƙasa kusa da mai. Shi ya sa CG ke jure wulaƙanci.

Shawarata ka nemi ta hannu, ka leƙa wajen 'yan gwangwan da tsofaffin makanikai, ko ka sa 'yan kasuwar kayan mashin su tambayo maka Nnewi. Ka tafi da karyayyar a leda ka jera su gefe da gefe, kar ka yarda da "iri ɗaya ce" ta baki. Sannan ka kifa kan injin ka zuba kananzir a kan bawul, in ya zurara to bawul ba ya rufewa daidai, wataƙila ya lanƙwashe. In ka zo haɗawa ka saita makin T a kan magneto, gibin bawul 0.05mm inji na sanyi, kuma ka juya da hannu sau biyu kafin ka taka kik.

Dan_Gwammaja:
Usta Allah ya saka da alheri, kamar kana wajen. Yanzu muka sake kwancewa, gefe ɗaya na mazaunin duk ya kwarzane, sannan ramin da mai ke bi ya hau sama a toshe yake da jan gam ɗin nan da muka lafta wa gasket, na zaro shi da allura kamar tsutsa. Ragar mai ma cike take da dauɗa, ba mu taɓa buɗe ta ba. Yanzu ke nan har kan injin zan nema ko ana iya sa masa bushi, wato zoben ƙarfe a cikin mazaunin?

Usta_Panteka:
Ana sawa in ka samu mai injin yankan ƙarfe da ya iya awo. Turo hoton mazaunin mu ga zurfin ciwon tukuna. Gam ɗin nan kuma ka jefar da shi.