Daga kujerar dama zuwa ta hagu: shawarwarin ƙwararrun matuƙa jirgin sama

Ƙwararrun matuƙan da suka tattauna batun ƙarin girma bakinsu ya zo ɗaya a kan cewa tara awoyi kaɗai ba ya mayar da mataimaki, mai zama a kujerar dama, ya zama kyaftin, mai zama a ta hagu. Ƙa'idar hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta gindaya awa 1,500 a sama kafin a ba mutum babban lasisin ATPL, wanda ake buƙata don zama kyaftin a jirgin kamfanin sufuri, amma kamfani zai duba irin jirgin da aka tuƙa da yanayin da aka sha fama da shi.

Wanda zai koma babban jirgi kamar Boeing 737 ko Airbus A320, sai ya samu shaidar ƙwarewa ta wannan samfurin. Shawararsu ita ce ya haddace tsarin lantarki da na mai da matakan gaggawa tun yana gida, domin lokacin na'urar kwaikwayon tuƙi tsada gare shi, ba wurin bitar littafi ba ne. Wanda ya saba da A320 kuwa, horonsa na A330 gajere ne, saboda ɗakin tuƙinsu ya yi kama.

Inda suka fi daɗewa shi ne halin shugabanci, kuma a ganina nan ne gizo yake saƙa. Sun tuna hatsarin Tenerife na 1977, inda jiragen Boeing 747 biyu suka yi karo a kan titin tashi, mutum 583 suka rasu. Injiniyan ɗaya daga cikinsu, na kamfanin KLM, ya nuna shakka kan ko ɗaya jirgin ya bar titin, amma kyaftin ɗinsa ya ci gaba da yunƙurin tashi. Shi ya sa masu jarrabawa ke lura ko mai neman kujerar hagu yana sauraron na ƙasa da shi, kuma ko zai iya fasa sauka ba tare da jin kunya ba.