Kafin a sayi taraktar yankan ciyawa ta hannu

Jiya a majalisa mun tattauna batun sayo ƙaramar tarakta ta hannu, wato wadda aka taɓa amfani da ita, don filin ƙwallon unguwarmu. Baki ya zo ɗaya: a fara leƙa ƙarƙashin kaskon wuƙaƙen, wato ƙarfen da ya rufe wuƙaƙen yankan ciyawar. In tsatsa ta huda shi a haƙura, sabon kasko zai cinye rarar da aka samu. A kashe injin, a juya wuƙaƙen da hannu. In suna rawa ko ƙugi, boris ya mutu. A tayar da injin yana sanyi, shuɗin hayaƙi alamar shan baƙin mai ce. Ni dai damuwata kayan gyara: a zagaya kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano a tambayi bel da filtar iska tukuna, saboda ƙurar hunturu.