Wai Landan ta fi kowane birni ruwan sama?

Auta: Assalamu alaikum. Yau kwana tara ke nan ban ga rana da idona ba a Landan. Kullum da lema nake fita, da ita nake dawowa. Wallahi duk duniya babu babban birnin da ya kai garin nan ruwan sama.

Kawu: Wa alaikumus salam 'yata. Ai haka muka taso muna ji, Bature ba ya rabuwa da lema. Allah ya ba ki juriya.

Yaya Malam: Kawu, ku gafarce ni, zan ɗan yi gyara. Ruwan da ke sauka a Landan a shekara bai wuce wajen milimita 600 ba. Kanon nan tamu kan samu wajen 800, wata shekarar ya haura, wata ya gaza. Legas kuwa ta haura 1,500.

Auta: Haba Yaya! Kano? Garin da ake wata bakwai ko ɗigo babu? Ni fa a cikin ruwan nake zaune, kai kuma a takarda ka gani.

Yaya Malam: Kina cikinsa, amma ba ki auna shi ba. A kafa gwangwani mai miƙaƙƙen baki a fili, duk ruwan da ya taru a auna zurfinsa, shi ne milimitar da ake faɗa. Naku yayyafi ne, ya wuni yana yi bai cika murfin kwalba ba. Namu hadari ne ya haɗo daga gabas, iska ta taso, a tsuge kamar da bakin ƙwarya, cikin awa biyu a zubar da abin da ku sai kun yi sati biyu ba ku tara ba. Abin da kuka fi mu shi ne yawan kwanaki. Landan kan yi sama da kwana 100 na ruwa a shekara, a warwatse daga Janairu har Disamba, ga gajimare ya rufe sama ko da ba a ruwan.

Gwaggo: Ku bar batun Landan ɗin nan don Allah. Ni da na yi jinyar Alhaji a Mumbai cikin watan Yuli, na san na ga ruwa. Kwana huɗu ana yi ba a ɗauke ba. Daga masauki zuwa asibiti, ruwa har gwiwa, zanina ban taɓa ganin ya bushe ba sai da muka dawo gida. Marka ta watan Agusta da muke kuka da ita a nan wasan yara ce.

Yaya Malam: Gwaggo kun zo da magana. Mumbai tana samun sama da milimita 2,000, kuma kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba, lokacin da iskar damina ke kwaso danshi daga teku ta yi karo da tsaunukan da ke bayan garin. Ranar 26 ga Yuli 2005 an auna milimita 944 a yini ɗaya. Auta, ruwan Landan na shekara ɗaya da rabi ke nan a rana guda. Mutane da yawa sun rasu.

Gwaggo: Innalillahi. To ai shi ke nan, Mumbai ce ta ɗaya.

Ɗan Duwala: Gwaggo, da girmanku, ba ku zo Duwala ba ne. Shekarata goma sha ɗaya a unguwar New Bell. Ruwan garin nan ya haura milimita 3,500. A Yuli da Agusta takalmi ma furfura yake yi a ɗaki, hatsi kuwa in ba ka yi hattara ba ya ruɓe maka a buhu. Kuma nan kusa da mu, a gindin Dutsen Kamaru, akwai ƙauyen Debundscha da ke samun wajen 10,000.

Auta: Ƙauye ka ce. Manyan birane muke magana.

Ɗan Duwala: Na ji, a cire ƙauyen. Duwala dai tana da mutane sama da miliyan biyu, kuma ta ninka Landan sau biyar ko shida.

Yaya Malam: Duk da haka ba ku ne kan gaba ba. Monrobiya ta Laberiya ta haura milimita 4,500, ita ake yawan ambata a matsayin babban birnin ƙasa mafi ruwa. Konakiri ma tana kafaɗa da kafaɗa da ku, sai dai nata abin mamaki ne: Yuli kaɗai ya kan haura 1,000, Agusta ma haka, amma daga Disamba zuwa Maris garin a bushe yake ƙamas kamar namu.

Ɗan Duwala: Monrobiya ai ba ta kai Duwala jama'a ba. In ana batun manya, a bar ƙanana su huta.

Gwaggo: Au, yanzu kuma girma ake dubawa? To Mumbai da kewayenta mutum wajen miliyan 20 ne. Duwalar taka unguwa ce a can.

Kawu: Ku tsaya. Ni abin da na fahimta, duk garuruwa masu yawan ruwa da kuka lissafa a bakin teku suke. Ke nan teku ce ke kawo ruwan?

Yaya Malam: Da saura, Kawu. Akara a bakin teku take, amma ruwanta wajen 800 ne, kusan daidai da Kano. Gaɓar tekun wajen ta kwanta ne a kan hanyar da iskar ke bi, iskar ta wuce ta gefe maimakon ta shigo ƙasa, ga ruwan tekun yana yin sanyi a tsakiyar damina, hadari ba ya haɗuwa sosai. Lima ta ƙasar Peru ta fi ban mamaki: birni mai mutum wajen miliyan 10 a bakin teku, hazo da raɓa sun rufe shi wata da watanni, amma ruwan sama na gaske kusan babu. Sai an haɗa teku mai ɗumi, da iskar da ke busowa daga ita zuwa tudu, in da hali da dutsen da zai tare ta.

Auta: To in ruwanmu kaɗan ne, me ya sa ko'ina kore shar? Ciyawa ba ta bushewa a nan.

Yaya Malam: Sanyi ne. Babu ranar da za ta shanye shi, kuma kafin ƙasa ta bushe wani yayyafin ya sauko. Na Kano cikin wata huɗu ko biyar yake zuba, wani ya bi kwata ya tafi, sauran rana ta ɗauke.

Kawu: Wannan kam na sani tun kafin a haife ku. Shekarar da aka yi mana ruwa mai yawa a Agusta, rimin gidan gona har ya faɗi, amma gero bai yi ba, don bayan shuka sai da aka yi kwana ashirin babu ko yayyafi. In da za a ba ni zaɓi, irin na su Auta zan ɗauka, a ƙara mini da rana.

Auta: Kun gani ko? Kawu yana bayana.

Yaya Malam: Ba abin da ya ce ke nan ba.

Ɗan Duwala: Ni dai ban yarda da batun Monrobiya ba tukuna. Malam, sai ka faɗa mana mutum nawa ne ke mayar da gari babban birni.

Auta: Ku ci gaba, ni zan fita. An sake farawa, bari in nemo lemata.