Folda ta yi mana yawa a kilinik, ta ina za mu fara da kwamfuta?

Ɗan Kurna:
Salam 'yan uwa. Ni nake riƙe da teburin kati da kuɗi a ɗan asibitin yayana nan Kano, gado shida ne kacal, likita ɗaya, nas uku, sai mai ba da magani. Folda ce ta ishe mu. Mutum zai zo ya ce katinsa ya ɓata ko yana gida, mu kuma da lamba muke jera su, sai a yi ta birkita kanta layi na ta tsawo, in ba a gani ba a buɗe sabuwa. Satin da ya wuce muka gano wata baiwar Allah mai hawan jini foldarta uku, kowacce da maganin da aka rubuta mata daban, wallahi abin ya tsorata ni har yanzu ban daina tunaninsa ba. Wani yaro ya zo zai saka mana manhaja a biya shi duk shekara, yaya kuma yana ɗari-ɗari saboda wuta. Waɗanda suka gwada dan Allah ku ba ni shawara.

Sista Zazzau:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Mu ma haka muka sha. Kar ku ce za ku kwashe tsofaffin folda duka ku zuba a kwamfuta, za ku gaji ku watsar tun ba a je ko'ina ba. Duk wanda ya zo yau a shigar da shi yau, suna, unguwa, lambar waya, lambar folda, shi ke nan, cikin 'yan watanni duk masu zuwa a kai a kai sun shiga. Amma fa kar ku dogara da suna kaɗai, Aisha Muhammad nawa za ka samu a unguwa ɗaya? Lambar waya ma ba ta isa ba, don sau da yawa ta maigida ce, uwargida da amarya da yara duk ita za su bayar, saboda haka ku haɗa da shekaru da sunan miji.

Inda na fi ganin amfaninta ni wajen awo ne da rigakafi. Allurar sati 6, sati 10, sati 14 iyaye na ƙoƙari, amma ta ƙyanda ta wata 9 nan ake ɓacewa, yaro ya yi wayo uwa ta manta. Yanzu duk Litinin ina fitar da sunayen waɗanda lokacinsu ya yi, wasu saƙon murya a WhatsApp da Hausa don ba kowa ke karanta boko ba, wasu kira. Kuma ba na faɗin abin da ke damun mace a saƙo, ba ka san hannun wa wayar take ba, "ana nemanki a asibiti ranar Laraba" ya wadatar.

Mai Kemis:
Malam ka fara da sito kawai ka ga ikon Allah. Ko Excel ne, rubuta kowane magani da ranar da zai lalace, wanda ya fi kusa shi ake fara fitarwa. Ni da sai na buɗe kwali na tarar ya wuce da wata biyu. Sai kuɗi, tun ƙarancin takardar naira na farkon 2023 mutane suka koma tiransifa da POS, da daddare ka zauna da littafi da alat kana neman wa ya biya me. In kowane biya yana maƙale da lambar folda rigimar ta ƙare. In kuna karɓar masu inshorar lafiya ta gwamnati (NHIA) ma dole ku tsare lissafi, abin da ba ka rubuta daidai ba da wuya a biya ka shi.

Injiniya Hotoro:
Yayanka yana da gaskiya kan wuta. Laptop za ku saya ba ta tebur ba, tana da batirinta, da ɗan sola da imbata sun riƙe ta da firinta. Kafin ku ba yaron nan ko sisi ku tambaye shi abu uku: tana aiki in babu intanet? ina bayanan suke zama? in mun rabu za ka ba mu su a fayil ɗin da za mu iya buɗewa? In ya fara kame-kame a na ukun ku sallame shi. Akwai OpenMRS, manhajar ajiye bayanan marasa lafiya, kyauta ce, sai dai tana son wanda ya iya ya kafa ta ya riƙa dubawa. Kowane ma'aikaci da fasuwod ɗinsa, kuma duk yamma a kwafe komai a wani wuri daban. Tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a Najeriya, bayanin lafiya na cikin waɗanda ta fi tsanantawa a kansu, sakamakon gwajin wani ya fita unguwa ba ƙaramin abu ba ne.

Dattijon Likita:
Yarana duk kun yi magana mai kyau. Abu ɗaya zan ƙara, kar a ɗora wa likita taifin tukuna. Na ga matasa ido na kan allo tsohuwa na bayani, ta gama ba a ko kalli idonta an ga jini ya yi ƙasa ba. Ku bar shi da biro da folda, teburin kati da sito su shiga kwamfuta. Rahoton wata-wata da ake kai wa ƙaramar hukuma ma zai zo muku da sauƙi, ba sai an kwana ana ƙirga layin rajista ba.

Ɗan Kurna:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba na nuna wa yaya maganarka ya ce dama abin da yake gudu kenan. Gobe zan fara rajistar a laptop ɗina, ita kuma baiwar Allah mun haɗe foldodinta mun kira ta ta zo da duk magungunan da take sha. Injiniya, sola mai ƙarfin nawa kake ganin zai ɗauki laptop da firinta da ƙwai huɗu?